Tsakuwa Uku a Birnin Zangarma

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya tsaga bakin ya dasa harshe a cikinsa, ya raba wa bayinsa harsuna kamar yadda ya raba musu garuruwa. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Jatau ɗan Nomau, jikan masu haƙar rijiya, mutumin Tsamiyar Kwari, wanda ya bar gida da baƙin gashi ya komo da furfura. Na ga abin dariya a duniya, na ga abin kuka, amma yau labarin kwana uku zan ba ku, kwana ukun da ran yayana ya rataya a bakin wata tsohuwa.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana Korau. Korau shi ya gaji hannun baba. Zai ɗebi ƙasa ya ɗanɗana, ya gaya maka gaba nawa za a haƙa kafin a tarar da ruwa, ba ya kuwa kuskure. Sai dai yakan wuni bai yi magana uku ba. Ni kuwa bakin inna na gada, ko barci nake ba a rasa jin motsina. Mutanen garinmu sukan ce da za a kwaɓa mu wuri ɗaya a raba biyu, da an sami mutum biyu masu hankali.

Shekara uku rijiyoyinmu suna ja da baya, muna bin su da haƙa suna gudu. Ana cikin haka wani falke ya kwana a garinmu, ya ba mu labarin Zangarma, birni a jikin dutse, tsakiyar hamadar gishiri, inda wani marmaro ya shekara dubu bai taɓa ƙafewa ba. Korau ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mu je mu ga yadda suka yi." Muka ɗaura guzuri.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da muka gani a hanya ba. Abu ɗaya zan faɗa. Hamadar nan ba ta ƙetaruwa da ƙafa, gishirinta cinye fata yake yi. Sai a bayan wasu kunkuru, kowanne ya kai girman rumbu. Su kuma ba sa tafiya sai suna jin muryar ɗan Adam. Da zarar an yi shiru sai su janye kai su yi barcin wata guda, ƙishirwa ta gama da mahayi. To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na yi tatsuniya, na yi waƙa, na lissafa dangin uwa da na uba. Rana ta goma sha tara muryata ta mutu, ko tari ba ya fita. Kunkurun ya fara sassauta tafiya. Na dubi Korau, ya buɗe baki ya ce, "To," ya rufe. Da na ga mutuwa ido da ido, sai na matsa kusa da kunnensa na raɗa masa cewa dundurusun baba da ya ɓata muna yara, wanda aka zane shi a kai, ni na jefa shi rijiya. Wallahi wuni guda Korau ya yi yana zazzaga mini faɗa, kunkuru yana ta sauri kamar an kore shi. Haka muka isa.

Zangarma hawa uku ce, mutanenta ma kashi uku, kowane kashi da harshensa. A can sama mutanen Tudu suke, makiyayan awaki. A tsakiya mutanen Kasuwa. A ƙasa, inda ruwa ke taruwa ya zama kogi, mutanen Gulbi, masunta. Wata bakwai muka yi a cikinsu, ni da bakina ba ya zama na tsinci harsunan nan uku daidai gwargwado. Sai na gane ashe bambancin harshe shi ne ƙaramin abin da ya raba su.

A wurin mutanen Tudu, gaskiya sau ɗaya ake faɗinta. Wanda ya maimaita magana, sun ce bai yarda da ita ba ne tun farko, maƙaryaci ne. Mutanen Kasuwa kuwa ba sa ɗaukar magana sai an faɗe ta sau uku da ƙarfi, in babba ce a dafa mudun awo a rantse. Wanda ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru, sun ce akwai abin da yake ɓoyewa. Su kuma mutanen Gulbi ba sa faɗin magana mai nauyi tsirara. Sai sun sa mata riga, sun naɗe ta cikin labari, wanda ya faɗe ta kai tsaye kuwa sun ce ba shi da tarbiyya, su toshe kunne. Kada ku zaci ba su san al'adun juna ba. Sun sani sarai, raini ne kawai, kowa yana ganin na ɗan'uwansa ciwo ne. Mutum ɗaya ke kai magana tsakaninsu in an yi taro, wani dattijo siriri mai gajiyayyun idanu, ana ce masa Babban Tafinta. Dokar aikinsa ita ce ya juya kalma yadda aka faɗe ta, ba ƙari ba ragi.

Marmaron yana fitowa ne daga wani kogo tsakanin Tudu da Kasuwa, an gine bakinsa an sa ƙofa, ba mai shiga. Muka nemi izinin leƙawa. Tudu suka ce, "Ku jira." Kasuwa suka ce sun yarda, sun yarda, sun yarda, amma sai Tudu sun faɗi nasu sau uku. Gulbi suka ba mu labarin wani zomo da ya auri kurciya, har yau ban san inda ya dosa ba. Kullum ina zarya sama da ƙasa, wata bakwai, Korau yana tuna rijiyoyin gida yana ramewa. Wata safiya na farka ban gan shi ba. Ashe ya haura katangar kogon, ya shiga, ya tsoma hannu har kafaɗa yana laluben idon ruwa, ya ɗiba ya kurɓa, kamar yadda kowane mai haƙar rijiya zai yi. Yana fitowa aka kama shi. Kafin hantsi ya dubi ludayi, ruwan birnin gaba ɗaya ya koma ja wur, mai ɗaci, ko awaki sun ƙi sha.

Da na ji labari na zabura na fita. Na ruga dandalin taro, na tarar da shi ɗaure, jama'a sun cika wurin maƙil, kowa yana ihu da harshensa. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su, ga kuma baƙo da jiƙaƙƙen hannu. Hukuncin wanda ya ɓata ruwa a Zangarma ɗaya ne, a jefa shi daga Bakin Rami, wani gefen dutse da in ka leƙa sai ka hango shaho a ƙarƙashinka. Ana ba shi kwana uku. A rana ta uku, in rana ta take tsaka, Tafinta zai zagaya da ƙwarya, shugaban kowane kashi ya jefa tsakuwa. In duka uku farare ne, ya kuɓuta. In ɗaya ta zama baƙa, shi ke nan.

Ana cikin hayaniyar nan wata tsohuwa ta ratso taro da sanda a hannu, ƙafafunta duk jar laka. Sunanta Dalme, makiyayiya ce, kuma ita ta haifi Harbo, shugaban mutanen Tudu, wani ƙato mai gemu da ban taɓa ganin haƙoransa ba. A safiyar nan ta sauko daga ƙololuwar dutse, inda tafkin da ke shayar da marmaron yake. Ta tsaya ta ce da harshen Tudu, "Ba shi ba ne. Shekaranjiya gaɓar jar ƙasa ta zube cikin tafki, a idona." Ta koma gefe ta zauna.

Kowa a birnin ya san ruwa yakan yi kwana biyu a cikin dutse kafin ya fito. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Mutanen Tudu suka gyaɗa kai. Tafinta ya juya maganar da harshen Kasuwa, sau ɗaya, yadda aka faɗe ta. Sai shugabar Kasuwa, wata mace mai jiki da murya kamar ganga, wadda ake kira Uwar Kasuwa, ta riƙe ƙugu.

"Shi ke nan? Shi ke nan? Wai shi ke nan abin da za ta ce? Ran gari guda, a jefo mana magana ɗaya kamar ana jefa wa kaza tsaba? Ban yarda ba! Ban yarda ba! Na rantse da mudu ban yarda ba!"

Tafinta ya juya wa mutanen Gulbi. Kafin ya rufe baki sun sa yatsu a kunne, wai an ambaci lalacewar ruwa tsirara a gaban jama'a. Na yi tsalle na ce to a aika a dubo gaɓar mana, ai gani ya kori ji. Tafinta ya dube ni da tausayi ya ce, "Hawa kwana biyu, sauka kwana biyu, ɗana. Yayanka uku gare shi."

Ban tsaya cin abinci ba na gangara Gulbi. Na sami shugabansu, wani tsoho da ake kira Baban Gulbi, yana ɗinkin koma a gindin bishiya, dattawa kewaye da shi. Bakina yana ƙaiƙayi in ce yayana bai yi komai ba. Na danne. Na gaishe su, na tambayi kifi, na tambayi jirage, sannan na ce, "Baba, a garinmu an yi wani baƙo da ya sauka a wani gida da ƙishirwa. Ashe tulun gidan ya tsage tun shekaranjiya, ba wanda ya lura sai wata tsohuwa. Baƙo bai jira an ba shi ba, rashin haƙuri ya sa ya ɗaga tulu, tulu ya rabe a hannunsa. Masu gida suka ɗauko sanda. Har na baro garin ana gardama, wasu na cewa a doke shi don tulu, wasu na cewa a ja masa kunne don rashin haƙuri."

Baban Gulbi bai ɗago kai ba. Ya ɗinke ido uku na komarsa, ni ina ƙirga numfashina, sannan ya ce, "Mu ma an yi wani a nan, ya tsinci ƙwai a hanya. Bai ce na kaza ba ne, bai ce na maciji ba ne. Ya cire hularsa ya sa a ciki." Ya ci gaba da ɗinki. Na jira saura, babu saura. Na tashi ban san ko na ci ko an cinye ni ba.

Rana ta biyu na yi sammako zuwa Kasuwa da wata dabara da nake ganin ba mai ture ta. Na tarar da mata sun yi layi da tuluna babu komai a ciki, suna hararata. Na durƙusa gaban Uwar Kasuwa na ce, "Ranki ya daɗe, ranki ya daɗe, ranki ya daɗe. Ai sau uku aka faɗi shaidar nan jiya. Tsohuwa ta faɗa, ɗaya. Tafinta ya faɗa muku, biyu. Ya faɗa wa Gulbi, uku. In kuma bai isa ba, ga ni, a kawo mudu in dafa."

Ta yi dariya har da dukan cinya. "Kai ka gani? Kai ka gani? Na ce da idonka ka gani? Wayo a Kasuwa, baƙo? Baki ɗaya, sau uku, hannu a kan mudu! Ita da ta gani, ita za ta faɗa. Mu ba mugaye ba ne, ba mugaye ba ne, wallahi ba mugaye ba ne. Amma 'ya'yanmu na kukan ƙishirwa, in gaskiya take faɗa me zai ci mata in ta ƙara?"

Daga nan na wuce ɗakin da aka tsare Korau, kusa da Bakin Rami. Yana zaune ya miƙe ƙafa, leɓɓansa sun tsattsage. Na ce, "Yaya, ko dai ka ga abin da muka zo nema?" Ya girgiza kai ya ce, "Babu wata dabara, Jatau. Dutse ne da ruwan Allah. Babu abin koyo." Na fita waje don kada ya ga hawayena.

A ƙofa na ci karo da Babban Tafinta. Na kama gefen rigarsa na ce, "Baba, don girman Allah, me zai ci wa tsohuwar nan in ta ƙara?"

Ya zauna a kan dutse kamar wanda ƙafafunsa suka gaji da ɗaukarsa. "Komai nata zai ci. Wanda ya maimaita magana a Tudu, mai baki biyu ake ce masa. Ba a korarsa, ba a dukansa. Amma daga ranar ba mai amsa sallamarsa, in ya yi kira ba mai juyowa, ko ɗan da ya haifa, har ya mutu. Kuma ko ta yarda, ɗana, ba ka tsira ba. Tana maimaitawa ta zama maƙaryaciya a wurinsu. Ka sami tsakuwar Kasuwa, ka rasa ta Tudu."

Gaba kura, baya siyaki. Na dafe kai na daɗe. Can wani tunani ya faɗo mini, na ɗago na ce, "Baba, wa ake fara miƙa wa ƙwarya?"

"Babu ƙa'ida. Wanda ƙafata ta fara kai ni."

"In Tudu suka riga suka jefa farar tsakuwa, suka ce sun yarda, za su iya janyewa?"

"In suka janye sun yi magana biyu a kan abu ɗaya," in ji shi a hankali. "Na ga abin da kake ƙullawa. Shekara arba'in ina kai magana a birnin nan, ban taɓa ƙara ko gishiri ba. Ƙafata dai tawa ce, zan fara da sama. Amma ka sani, Jatau, ba kai za ka biya ba."

Na sani. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sani sarai, na kuma hau Tudu da ƙafafuna.

Na fara zuwa wurin Harbo, na roƙe shi ya ɗage wa mahaifiyarsa dokar nan na yini ɗaya tak. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "A'a." Na buɗe baki zan ƙara, ya juya mini baya.

Dalme na same ta a garke tana tatsar akuya. Na zube gabanta, hankalina ya riga ya gushe, na manta a inda nake. Na shiga roƙo irin namu na gida. "Inna, ki taimake ni. Don Allah ki taimake ni. Ki dubi girman Allah, Inna, ki taimake ni, ki ceci ransa, ki ceci ransa." Sai da na ga fuskarta ta rufe kamar ƙofa na gane ɓarnar da na yi. Ta ce, "Mai gaskiya ba ya roƙo sau biyu." Ta juya ga akuyarta.

Baki shi ke yanka wuya, ga shi nawa zai yanka na yayana. Na ciji harshe har na ji gishirin jini. Na zauna a wurin ban ce uffan ba, daga azahar har la'asar sakaliya, ni Jatau da ban taɓa shiru na tsawon cin tuwo ba. Magana tana taso mini ina haɗiyewa. Na riƙe mata ƙahon akuya, na kwashe mata ƙwarya, ba ta kore ni ba, ba ta dube ni ba. Da rana ta yi sanyi na miƙe, na zaɓi magana ɗaya wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, na ce, "Ranar da aka binne uwarmu shi ya goya ni ya kai ni gida, har yau bai sauke ni ba." Hannunta ya tsaya a kan hantsar akuya, sannan ya ci gaba. Na sauko ban ji ko kalma ɗaya daga bakinta ba.

Rana ta uku birnin gaba ɗaya ya taru a Bakin Rami. Aka kafa sanda a ƙasa, kowa yana duban inuwarta tana gajarta. Aka fito da Korau, aka tsayar da shi taku uku daga gefen, ƙarti biyu riƙe da shi. Iska tana kaɗa rigarsa. Na nemi Dalme da ido, na hango ta can bayan mutanenta, ta jingina da sandarta.

Tafinta ya ɗauki ƙwarya, ya nufi mutanen Tudu kai tsaye. Harbo ya saki tsakuwa fara ya ce, "Mun yarda." A lokacin Dalme ta ɗago kai. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi Tafinta, sannan ta nemo ni cikin taro ta kafe ni da ido. Ta gane tarkon da na ɗana, ta kuma gane wa na ɗana wa. Na sunkuyar da kai don kunya.

Tafinta ya gangara wurin Baban Gulbi. Tsohon ya miƙo dunƙulallen hannu ya ce, "Mutumin nan mai hula ya isa gida, sai ya ji tsiyako na kuka a kansa." Ya buɗe hannu, fara ce.

Saura ɗaya. Uwar Kasuwa ta sa aka shimfiɗa tabarma, aka kife mudu a kai. Ta ɗaga baƙar tsakuwa sama kowa ya gani. "Ga mudu! Ga mudu! Ga mudu nan! Mai magana ya zo, in babu, inuwa na ɓacewa zan saki!"

Wuri ya yi tsit, sai kukan iska. Inuwar sandan ta koma kamar tsawon tafin hannu, ta koma kamar yatsa. Na so in yi ihu, in kira sunan tsohuwar nan, in yi birgima a ƙasa, na toshe bakina da hannu biyu. Korau ya waiwayo ya ce da Hausa, muryarsa ko rawa ba ta yi, "Jatau, in ka koma, ka ce su ƙara gaba huɗu a rijiyar gindin tsamiya. Akwai ruwa a ƙarƙashin dutsen." Ƙartin suka matsa da shi taku ɗaya.

Sai na ji ƙarar sanda a kan dutse, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Mutanen Tudu suna darewa, Dalme tana tahowa, ba sauri ba nawa. Da ta zo gifta ɗanta, Harbo ya ce, "Inna." Sau ɗaya ya faɗa, ba shi da ikon ƙarawa, duk abin da ke ransa a cikin kalmar nan ya zuba shi. Ta ɗan tsaya, ta ɗaga hannu ta gyara masa wuyan riga, ta wuce.

Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora tafinta a kan mudu. "Ba shi ba ne. Gaɓar jar ƙasa ta zube cikin tafki, a idona."

Wani nishi ya tashi daga mutanen Tudu kamar an soki sa. Tafinta ya juya maganar. Dalme ta sake faɗa, da ƙarfi fiye da na farko. Ta uku kuwa sai da dutsen ya amsa. Uwar Kasuwa ta yar da baƙar tsakuwa, ta zaro fara daga ɗan kwalinta ta jefa. "Mun ji! Mun ji! Mun ji, mun yarda!"

Wani dattijon Tudu ya zaburo ya miƙa hannu zai tsame tsakuwarsu. Tafinta ya rungume ƙwaryar a ƙirji ya ce, "Tudu ta riga ta yi magana. Za ta sake ne?" Hannun dattijon ya tsaya a iska, ya koma da baya. Aka kwance Korau. Na rungume shi ina kuka kamar yaron goye, shi kuwa yana ta bubbuga bayana. Aka ce mu bar birnin kafin faɗuwar rana, hukuncin haura katanga ke nan.

Matan Kasuwa suka kewaye Dalme da guɗa, wannan na ja mata hannu, waccan na cewa ta sauko ta zauna da su, za su ba ta rumfa, za su ba ta rumfa, za su ba ta rumfa. Ba ta jin harshensu, ba su take kallo ba. Mutanen Tudu sun juya sun kama hanyar hawa, ɗaya bayan ɗaya, mata da maza, waɗanda ta yi wa wankan jego da waɗanda ta yi kiwo tare da iyayensu, ba wanda ya dubi inda take. Harbo ne na ƙarshe.

Ta dogara sanda ta miƙe ta ce, "Harbo."

Ya tsaya cak. Na ce a raina zai juyo, wallahi zai juyo. Ya ɗaga ƙafa ya ci gaba da hawa.

"Harbo," ta sake cewa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiransa sau biyu ba sai ranar. "Harbo. Harbo."

Na yunƙura zan je wurinta, ƙartin suka tare ni, suka tasa mu gaba. Korau ba ya jin harshen Tudu, bai san abin da aka saye ransa da shi ba. Ya ce, "Me take cewa?" Na ce, "Sunan ɗanta." Ya ce, "Me ya sa bai amsa ba?" Ni da na yi wa kunkuru surutun kwana goma sha tara, na nemi abin da zan ce masa na rasa.

Muka gangara ta cikin Kasuwa, muka ratsa Gulbi, muka isa ƙofar birni. Har aka rufe ta a bayanmu ina jiyo muryar tsohuwar daga can sama tana kiran ɗanta, ban kuwa ji an amsa ba.